Wace giranda ce za ta jure aikin shago na yau da kullum?

Mai Waldar Ƙofofi ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu sana'ar ƙarfe. Na zo neman shawara ne a kan giranda, wato injin hannu da muke yanka ƙarfe da goge walda da shi, domin al'amarinta ya fara damuna ƙwarai. Ina da ƙaramin shago, ni da yara biyu masu koyon aiki, kuma mafi yawan abin da muke yi ƙofofi ne da tagogi da shingen ƙarfe, saboda haka kullum muna cikin yankan fayif da rodi da ƙarfen angul, sai kuma gugar walda kafin a shafa fenti. Jefi-jefi ne muke samun farantin ƙarfe mai kauri sosai.

A cikin shekara ɗaya giranda biyu suka mutu a hannuna. Ta farko mai ɗaukar dutsen milimita 115 ce, wato faifan yanka ko guga mai wannan faɗin, an rubuta wat 1,200 a jikinta, kuma wannan adadin ne ya ja hankalina na saye ta, amma ba ta cika wata biyar ba ta fara warin ƙuna, har wata rana ana tsakiyar aiki ta yi hayaƙi ta tsaya. Ta biyu kuwa har yanzu tana tashi, sai dai kanta ya fara ƙara, sandar da ake ɗaura dutse a kai ta riƙa rawa, da na kai wa mai gyara ya buɗe sai ya ce haƙoran giyar sun cinye, ya nema kuma bai samu irinsu ba.

Yanzu ina tunanin in sayi babba guda ɗaya mai dutsen milimita 230 in huta, tunda ita ce mafi ƙarfi, amma ba na so in sake yin saye cikin duhu. Me ya kamata in duba kafin in biya, kuma ta yaya mutum zai gane mai ƙarko tun tana cikin kwali?

Mai Gyaran Injinan Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Gyaran irin waɗannan injuna ne sana'ata, kuma abin da ya sami girandarka ta farko ina ganinsa a kan teburina a kai a kai, don haka bari in fara da maganar wat.

Adadin da ake bugawa a jikin inji wutar da yake ja daga soket yake nunawa, ba ƙarfin da yake kaiwa bakin dutse ba. Kaso mai yawa na wutar yana tafiya a zafi da juya fanka da gogayyar giya, shi ya sa kamfanonin da suka yarda da kayansu sukan rubuta adadi biyu a takardar bayani, wutar da ke shiga da ƙarfin da ke fita, kuma na biyun yakan tsaya ne tsakanin rabi da kashi biyu bisa uku na na farkon. Injin da aka naɗa masa siririyar waya yana iya jan wuta mai yawa ya mayar da ita zafi, ga shi kuma babu mai hana masu kayan banza buga duk adadin da suka ga dama. Makita 9557NB wat 840 kawai aka rubuta mata, tana juyi 11,000 a minti ɗaya, amma ta daɗe tana aiki a shagunan walda a ƙasashe da dama.

Abu biyu ne suka fi ƙona giranda, ƙura da dannawa. Fankar da ke ciki tana jan iska ta kafofin baya ta bi da ita ta kan kwayil, wato naɗin wayar tagulla, domin ta sanyaya shi, wannan iskar kuwa cike take da garin ƙarfe da garin dutse, waɗanda a hankali suke kankare siririn rufin da ke jikin wayar tagulla har wayoyin su taɓa juna. Giranda ta ƙwarai ana lulluɓe kwayil ɗinta da amacha, wato ɓangaren da ke juyawa a cikin injin, da wani ƙaro mai tauri saboda wannan matsalar, kuma idan ka haska tocila ta kafofin iskar sau da yawa za ka hango shi. Dannawa kuwa cutarta biyu ce a lokaci guda, domin idan yaro ya jingina nauyinsa a kan injin sai juyi ya ragu, wutar da injin ke ja ta ƙaru, fankar da ya kamata ta kore zafin ita ma ta rage gudu tare da shi. Duk sa'ad da aka gama yanka mai nauyi, a bar ta ta yi juyi babu aiki na kamar minti ɗaya kafin a kashe, kuma a riƙa hura mata iska a fitar da ƙurar a ƙarshen yini.

Game da ta biyun, kan giranda giya biyu ne da suka haɗu a kusurwa, ƙaramar tana kan amacha, babbar tana kan sandar dutse. Waɗanda aka yanka haƙoransu a karkace sun fi masu miƙaƙƙun haƙora yin shiru da ɗaukar nauyi, domin haƙoran suna kama juna ne a hankali. Ina kyautata zaton boris, wato zoben ƙarfen da sandar ke juyawa a cikinsa, shi ne ya fara saki a taka, sandar ta yi rawa, haƙoran suka daina haɗuwa daidai har suka cinye juna. Kafin ka biya, ka kama sandar da yatsu ba tare da an haɗa wuta ba, ka jijjiga ta gefe da gefe da sama da ƙasa. Ɗan motsin juyawa tsakanin haƙoran giya ba laifi ba ne, amma rawa gefe da gefe a sabon inji alama ce ta a ajiye shi. Sannan a kunna maka ka saurara, ka leƙa wajen kabon, wato ɗan gawayin da ke gogar kan amacha yana kai mata wuta, ka ga ko tartsatsin ɗan kaɗan ne ko kuwa yana zagaye kan amachar. Akwai kabon da ke tsayar da injin da kansa idan ya kusa ƙarewa, domin kada ya kai ga ɓata tagullar amacha, kuma wannan ƙaramin abu yana ceton inji da yawa.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne samun kayan gyara. Kowace giranda kabon ɗinta zai ƙare, boris zai saki, makunni zai lalace, bambancin kawai ko za a samu madadinsu. Kamfanoni irin su Bosch da Makita da Metabo da DeWalt da HiKOKI, wanda aka sani da Hitachi kafin 2018, suna fitar da zanen kowane inji a wargaje, kowane yanki da lambarsa. Ka tambayi mai sayarwa kabon da amacha da giyar wannan samfurin, in ya kasa nuna maka inda za a same su, to ka san ranar da ta tsaya ranar jefarwa ce. Ka kuma lura cewa kamfani ɗaya yakan yi kaya hawa biyu: a Bosch, shuɗin launi na masu sana'a ne, koren kuwa na ɗan aikin gida ne. Jabun manyan sunaye ma sun yawaita, don haka ka saya a wajen dilan da kamfanin ya amince da shi, ka duba lambar inji a kan tambarinsa, ka karɓi takardar garanti.

Dattijon Shago ya amsa:

Ɗana, na goyi bayan duk abin da mai gyara ya faɗa, amma ban yarda da shawarar da ka yanke ta sayen babba guda ɗaya ba, kuma zan gaya maka dalili.

Giranda mai dutsen milimita 230 nauyinta kan kai kilo biyar zuwa shida, ƙarfinta kan kama daga wat 2,000 zuwa 2,600, tana kuma juyi kusan 6,600 a minti. An yi ta ne domin yanka mai zurfi, tana shiga kusan milimita 65 ko sama da haka kaɗan, da kuma gugar doguwar walda a kan ƙarfe mai kauri da ke kwance. Ka ɗauki wannan nauyi ka ɗaga shi wajen goge kusurwar taga, ko ka miƙa wa yaron da hannunsa bai yi ƙwari ba, kafin a yi nisa kafaɗa ta gaji, hannun da ya gaji kuwa shi ne ke karkatar da dutse a cikin yanka. Kuma ba ta shiga lungun da kuke aiki a ƙofa da shinge.

Aikin da ka bayyana aikin mai milimita 125 ne. Nauyinta bai wuce kilo biyu da ɗoriya ba, ta ɗan fi mai 115 zurfin yanka, dutsenta ya fi daɗewa kafin ya ƙanƙance, kuma idan ka samu mai wat 1,100 zuwa 1,400 daga kamfanin da ba ya ƙarya a kan adadinsa, babu fayif ko angul da zai gagare ta. Ramin tsakiyar dutsen 115 da 125 da 230 duk ɗaya ne, milimita 22.23, zaren sandar kuma M14 ne a yawancin ƙasashe, sai dai injunan da aka ƙera domin kasuwar Amurka zarensu daban ne, masu dutsen milimita 100 kuma galibi M10 ne da rami mai milimita 16. Ka tabbatar da wannan kafin ka saya, domin kada burushin waya da sauran kayan da kake da su su ƙi hawa.

Da ni ne kai, biyu zan ajiye masu 125, ɗaya da siririn dutsen yanka mai kaurin milimita 1 ko 1.6, ɗaya da dutsen guga mai kaurin milimita 6. Na shekara da shekaru a kan wannan tsari. Kowace tana hutawa yayin da ɗayar ke aiki, ba a ɓata lokaci wajen kwance noti, kuma mafi muhimmanci, yaro ba zai ji ƙyuyar canja dutse ya goge walda da gefen dutsen yanka ba, wanda shi ne hanya mafi sauri ta fasa shi. Babbar ta jira har ranar da aikin faranti mai kauri ya yawaita a shagonka.

Matashin Maƙeri ya amsa:

Baba, da izininka zan ƙara wani abu da ba a ambata ba. Masu batir na volt 18 da ake yi yanzu, waɗanda injinsu ba ya amfani da kabon, sun yi nisa sosai. Babu kabon da zai ƙare, zafinsu kaɗan ne, da yawa daga cikinsu suna da birki da ke tsayar da dutse cikin daƙiƙu kaɗan, kuma idan an je kafa ƙofa a wurin da wuta ta yi nisa babu abin da ya kai su sauƙi. Ni da ita nake aiki a waje, kuma ban yi nadama ba.

Dattijon Shago ya amsa:

Gaskiya ka faɗa game da aikin waje, ɗana, amma guga ita ce aikin da ya fi kowane shan batir, kuma mai tambaya yini yake yi yana guga a wuri ɗaya kusa da soket. Zai buƙaci batira da yawa da caja mai sauri, su ma batiran suna tsufa. Mai batir ta zama ta biyu ko ta uku a shago, ta farko dai mai waya ce.

Mai Koyar da Sana'ar Ƙarfe ya amsa:

Malam, abin da ya tsaya mini a rai cikin tambayarka shi ne yaran nan biyu, domin amana ce a hannunka, kuma giranda tana cikin injinan hannu da suka fi ji wa mutane mummunan rauni. Inji mai aminci a wurina shi ne wanda yake kare mai riƙe da shi a ranar da aka yi kuskure.

Ka fara da makunni. Akwai wanda ake turawa gaba ya kulle, injin ya ci gaba da juyi ko da ya suɓuce daga hannu, akwai kuma mai faɗi da ke ƙarƙashin tafin hannu, wanda da zarar an saki sai wuta ta yanke. Na farkon ya fi daɗi a doguwar guga, ba na musun haka, amma ga mai koyo na biyun nake zaɓa. Idan kuwa mai kullewar ka saya, ka tabbata tana da tsarin da ke hana ta tashi da kanta idan wuta ta ɗauke ta dawo, domin injin da aka ajiye a kunne a kan benci yana iya zabura ya faɗo kan ƙafar mutum. Akwai kuma masu tashi a hankali, abin da ke da muhimmanci ƙwarai a babbar giranda saboda fizgar da take yi da yawan wutar da take ja a tashin farko.

Haɗari mafi girma shi ne dutse ya maƙale a cikin yanka, ƙarfin juyin ya koma jikin injin ya wurgo shi wajen mai aiki. Kamfanoni sun bi hanyoyi daban-daban wajen rage wannan: Metabo yana da kulocin da yake kira S-automatic, Makita yana da SJS, dukansu suna sassauta haɗin injin da sandar dutse idan ta maƙale, Bosch kuma yana da KickBack Control da ke yanke wuta idan ya ji tsayawar ba-zata. Ban da hannun mutum, irin wannan tsari yana kare haƙoran giya ma, don haka ya shafi matsalar girandarka ta biyu. Ka zaɓi wadda murfin kariyarta ke juyawa ba sai da sifana ba, domin murfin da ke da wuyar gyarawa shi ne ake cirewa a jefar a ƙarƙashin benci, sannan mariƙin gefe ya zauna a jikinta kullum.

Dutsen ma sai an zaɓa. A jikin kowane na ƙwarai akwai iyakar juyin da zai ɗauka, kusan 13,300 ga mai 115, kusan 12,200 ga mai 125, kusan 6,600 ga mai 230, kuma duk waɗannan suna nufin gudun mita 80 a daƙiƙa ɗaya a bakin dutsen. Ka nemi lambar ma'auni EN 12413 na Turai da tambarin oSa, ƙungiyar da ke kula da amincin irin waɗannan duwatsu, ka kuma duba zoben ƙarfen tsakiya, inda ake buga ranar ƙarewar wa'adi, domin ƙaron da ke riƙe dutsen yana rauni da tsufa da laima, wa'adinsa kuwa shekara uku ne daga ƙerawa. Duk sabon dutse a bar shi ya yi juyi babu aiki na ɗan lokaci, an kawar da shi daga jiki da mutane. Faifan zarto na katako kuwa kada ya taɓa hawa giranda ko da sau ɗaya.

Ƙarar giranda takan wuce desibel 90, alhali daga 85 ne kunne ke fara cutuwa idan an daɗe, girgizarta kuma tana kashe jijiyoyin yatsu a hankali. Takardar injin tana nuna adadin girgizar, kuma dokar Tarayyar Turai ta 2002 ta sa adadin girgiza 2.5 m/s² a matsayin inda za a fara ɗaukar mataki, 5 kuma iyaka, a ma'aunin awa takwas na aiki. Idan injuna biyu sun yi kusa da juna, ka ɗauki mai ƙarancin girgiza. Tabarau da garkuwar fuska da abin toshe kunne ka sa su cikin lissafin sayen tun farko.

Mai Waldar Ƙofofi ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na fasa sayen babbar, zan bi shawarar Baba in fara da mai 125 guda ɗaya mai makunnin tafin hannu, in ƙara ta biyu idan hali ya yi. Na kuma gane cewa akwai laifina a mutuwar ta farko, domin ban taɓa hura mata iska ba, kuma da wata doguwar siririyar waya muke jawo mata wuta, rabinta a naɗe. Tambaya ɗaya ta rage mini. Wani maƙwabcina mai babbar giranda yakan ba ni ragowar duwatsunsa na 230 idan sun ƙanƙance, mu ƙarasa su a ƙaramar. Shin akwai matsala a wannan?

Mai Gyaran Injinan Hannu ya amsa:

Akwai, Malam, kuma ina roƙonka ka daina daga yau. Iyakar da aka buga a jikin wannan dutse kusan 6,600 ce, ƙaramar giranda kuwa tana juyi 11,000, ƙa'idar kuma ita ce kada juyin inji ya wuce abin da aka rubuta a dutse, komai ƙanƙancewarsa. Ragowar dutse ya riga ya sha zafi da lanƙwasa da bugu, kuma tsagewar da ke cikinsa ido ba ya ganinta. Mafi muni shi ne idan bai ƙanƙance sosai ba har sai an cire murfin kariya kafin ya shiga, domin cikakken dutsen 230 a juyi 11,000 bakinsa zai yi gudun fiye da mita 130 a daƙiƙa, alhali don 80 aka ƙera shi. Ga shi kuma ya fi siririn dutsen 125 kauri, saboda haka yana cin ƙarfe da yawa a kowane yanka, yana tilasta wa ƙaramin injin jan wutar da ta fi ƙarfinsa, kuma ina zargin yana cikin abin da ya ƙona ta farkon.

Ita kuwa wayar, siririya mai tsawo tana rage ƙarfin wutar da ke isa injin, sai ya rasa ƙarfi a cikin yanka, mai aiki ya ƙara dannawa, zafi ya taru, naɗaɗɗiyar kuma ita kanta tana ɗumama. Ga mai 125 ka nemi waya mai kaurin milimita 1.5 murabba'i, idan tsawon ya yi yawa ko ranar da ka sayi babbar, wadda ke jan kusan amfiya 10 a wutar volt 230, ka koma 2.5, kuma ka warware ta gaba ɗaya kafin a kunna. Ranar da za ka sayi sabuwar girandar ka haɗa da kabon ɗinta na asali guda biyu ka ajiye a shago, sannan bayan wasu watanni na aiki ka sa a buɗe kanta a duba giris da boris tun ba ta fara ƙara ba.